Komai Hula Ne, Staf

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a kicin 'yarka Marijke ta bugo mini waya daga garinku Poperinge. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Anti Hilde, Baba ya tafi." Allah da ya ba mu aronka ya karɓi abinsa. Staf Decloedt, wanda ƙasar nan ta fi sani da Sufeto Kamiel a shirin barkwancin 'yan sanda na talabijin, "Caji Ofis na Bayan Coci", ya rasu bayan doguwar jinya. Ni ce Kofur Rita da ke bin bayanka a shirin, kuma yau na rasa babban aminina.

Ranar da na fara aiki da kai kalmomin da na haddace suka ɓace mini a gaban kyamara. Ina tsaye baki buɗe, darakta ya fara kumbura, sai kawai ka ture butar kofi ta tarwatse a ƙasa. Kai aka yi wa faɗa, ni kuwa na samu na leƙa takardata. Sai bayan shekaru na gane da gangan ka yi, don na ga ka sake ture wata butar saboda wata sabuwar 'yar wasa. Haka kake taimakon mutum, ba ka barin ko ƙofar da zai yi maka godiya.

Dariyar shirin nan rabinta a bakinka take. Ku mutanen yammacin ƙasar nan harafin "g" ba ya fita a maƙogwaronku, "h" yake komawa. In ka ce "goed", wato ya yi kyau, sai a ji "hoed", wato hula. Duk mako sai an yi ɓarna a ofis, Sufeto ya dubi kyamara ya ce, "Komai hula ne." A rubuta fassarar maganarka a ƙasan hoto kamar wani baƙo, a saki dariyar na'ura, ƙasa ta ɗauka. Mu 'yan Antwerp, da muke ganin duk abin da ke wajen garinmu filin ajiye motoci ne, mun fi kowa ƙyaƙyatawa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariya ba: mahaifinka Achiel, manomin dankali. Da an saki kiɗan shirin sai ya ɗauki sandarsa ya nufi garken shanu. Ka gaya mini sau ɗaya ya taɓa tanka maka, ya ce, "Bakin da uwarka ta rarrashe ka da shi, shi ka kwasa ka kai Brussels ana dariya?" Maganar nan ta zauna maka a ƙirji. Ƙasa duka tana tafa maka, kai kuwa tsoho ɗaya kake jira.

Da likitoci suka ce Achiel ba zai ga girbi ba, ka shiga wurin darakta da labarin kashi guda. Wata tsohuwa ce ta zo caji ofis cigiyar mijinta, alhali mijin ya daɗe da mutuwa, tsufa ne ya share mata. Sufeto zai cire hularsa, ya zaunar da ita, su yi hira da harshen ƙauye tsantsa, sannan ya raka ta gida. Ka kafa sharaɗi: ba fassara a ƙasa, ba dariyar na'ura.

Darakta ya ce, "Haba Staf, barkwanci muke sayarwa, ba wa'azin Lahadi ba."

Ka ajiye hular Sufeto a teburinsa ka ce, "To nemo mai ƙaton kai irina ya sa."

Aka yi yadda kake so, masu sharhi a jaridu kuwa suka yi maka ca. Wani ya rubuta cewa ya zauna yana kallon mutum biyu suna tauna dankali mai zafi. Wani ya ce Sufeto ya manta dariya aka ɗauke shi ya bayar. Wata mata kaɗai, a wata ƙaramar jarida ta yankinku, ta ce karo na farko ke nan da ta ji kakarta a talabijin ba a mayar da ita abin wasa ba. Da zango ya ƙare gidan talabijin bai sabunta kwantiraginka ba, aka rubuta a labarin wai an yi wa Sufeto canjin wurin aiki. A makon nan da ka rasu, jaridun da suka yage ka su ne ke kiran kashin nan mafi kyawun duk abin da muka yi. Na karanta, kuma gaskiya haushi na ji, don yabon ya zo lokacin da ba ka da kunnen ji.

Amma ba hukuncinsu kake jira ba, ni shaida ce. Ranar Lahadin da ta biyo bayan nuna kashin ka ce in raka ka gidan mahaifinka a motata, wai taka tana gardama. Lafiyar motar ƙalau, tsoron zuwa kai kaɗai kake. Muka tarar da Achiel a kujerarsa kusa da murhu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ƙanwarka ta shigo da kofi, ba ta ce ya kalla ba, ba ta ce bai kalla ba. Kuka yi zancen ruwan sama, da rufin maƙwabci da iska ta yaye. Har ka miƙe ka sa kwat, na ga kafaɗunka sun faɗi. Sai tsohon ya yi gyaran murya.

"Matar nan, ka kai ta har gida?"

"Har ƙofa, Baba."

"Ka jira ta shiga?"

"Na jira."

Ya jinjina kai, ya ce, "Hoed." Kalmar nan dai da ƙasa ta shekara da shekaru tana yi wa dariya. Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. A hanyar komawa kai ke tuƙi, ka tsayar da mota a bakin gona ka kifa kai a sitiyari, ni kuwa na yi ta kallon shanun mutane har ka gama. Daga ranar ban taɓa jin ka yi nadamar aikin da ka rasa ba.

Ranar jana'iza Marijke ta ɗora hular Sufeto a kan akwatinka, duk cocin kuwa ya gane saƙon: komai hula ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Lieve, wadda ta yi jinyarka ba gajiyawa, da Marijke da ɗan'uwanta Joris, da jikoki, da dukan mutanen Poperinge. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Kai kuwa Staf, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Achiel da mahaifiyarka inda ba mai buƙatar a fassara masa maganarka. Ka raka mutane da yawa har ƙofa, ka jira suka shiga. Mun rako ka, mun jira. Allah ya sa abin da ka tarar a ciki hula ne.