Hajiya Batula Mai Tafireta da Takardar Mas'uda

A Kurfi aka haifi Batula, a gidan Malam Lawal mai sayar da hatsi, mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba amma yake ganin girman duk wanda ya iya karanta takarda. Tana aji uku a sakandare Allah ya yi masa rasuwa, karatun ya tsaya. Kawunta, wanda masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Dutsin-Ma, shi ya ɗauko ta ya kai ta wurin wani tsohon akawu ya koya mata buga tafireta. Tana da shekara ashirin aka ɗauke ta aiki.

Shekara talatin da biyar ta yi a kan kujerar nan. Takardar neman hutu, ta ƙarin girma, rahoton taro, jawabin maraba da baƙi, duk sun bi ta ƙarƙashin yatsunta, kuma a nan ta koyi Turancin da makaranta ba ta ƙarasa ba ta ba. Tana da wani tsohon ƙamus a aljihun tebur, duk kalmar da ta shige mata duhu sai ta duba kafin ta buga. Har ya kai manyan ma'aikata masu digiri kan miƙo mata rubutunsu su ce ta gyara inda ya karkace. A cikin shekarun nan ta auri Malam Ilu, malamin firamare, suka haifi 'ya'ya biyar, ta sauke farali. Da kwamfuta ta shigo ofis, abokan aikinta da dama suka ja da baya, ita kuwa ta zauna ta koya tana da shekara arba'in da 'yan kai.

Bayan ta yi ritaya sai ta buɗe ɗan shago a kan hanyar jami'a, kwamfuta biyu da firinta da na'urar kwafi. Babu tafireta a ciki, amma sunan Mai Tafireta ya riga ya bi ta. Ɗalibai na kawo mata kundin bincikensu, wasu kuma su zo a cika musu fom na neman gurbin karatu a waje.

Wata ranar Litinin da hantsi wata yarinya mai suna Mas'uda ta shigo. 'Yar ƙauyen Dabawa ce, ta karanci aikin gona, ta gama bautar ƙasa. Ta ce digiri na biyu take nema a wata jami'a da ke ƙasar Sin. Hajiya Batula ta tambaye ta ko ta iya Sinanci, yarinyar ta yi murmushi ta ce ai da Turanci ake koyarwa. Jami'ar haɗin gwiwa ce, wata ta Ingila da wata ta Sin suka haɗu suka kafa ta, malamai daga ƙasashe daban-daban, kuma shaidar da za a bayar ɗauke take da sunan ta Ingilan. Suna son kowane mai nema ya rubuta shafi ɗaya ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya sa yake son karatun. Ta miƙa takardar da ta rubuto da hannu.

Hajiya ta fara bugawa. Ba ta kai layi na huɗu ba ta lura yatsunta na riga idonta, sun san kalmar da ke tafe. Ta ɗage hannu.

"'Yar nan, ke kika rubuta wannan?"

Mas'uda ta ce wata ƙawarta ce ta turo mata a waya, ta ɗan gyara.

"Sau shida na buga wannan takarda a watan nan. Sunan jami'a kawai ake sauyawa. In ni da ke Dutsin-Ma na gane ta, mai karanta dubu a can fa?"

Ran Mas'uda ya ɓaci. Ta ce bugu ta kawo, ba gyara ba. Hajiya ta miƙa mata takardarta cikin ruwan sanyi, ta nuna mata shagon da ke tsallaken titi, ta ce a can za a buga mata ba tambaya. Yarinyar ta fita. Da yamma Hajiya ta ba Malam Ilu labari, ta ce tana jin ta yi wa yarinyar tsauri, don ta ga idonta ya kawo ruwa. Abin ya tsaya mata a rai kwana biyu.

Ran Alhamis sai ga Mas'uda ta dawo. An buga mata a tsallaken, ta karanta a gida, ta rasa layi ɗaya da ya yi kama da ita. Ta ce matsalar ita ce ba ta da abin faɗa, 'yar ƙauye ce, ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Hajiya ta kashe kwamfuta, ta jawo mata benci, ta ce a bar Turanci tukuna, ta gaya mata da Hausa abin da ya kai ta karatun gona.

Mas'uda ta zauna. Can sai ta kama labarin waken mahaifinta. Shekarar da take aji biyar a sakandare sun samu wake mai yawa, aka ajiye don a ci har damina, kafin wata uku ƙwari suka mayar da rabinsa gari. Kakarta kuwa, da ke cuɗa nata da toka da barkono ta rufe a randa, ko ƙwaya ba ta rasa ba. Da ta shiga jami'a ta gwada dabarar tsohuwar a gidaje goma sha biyu a Dabawa da Tamawa, ta gwama da buhu mai leda a ciki, tana zagayawa a kan babur tana aunawa duk mako biyu. Ta yi kusan rabin sa'a tana magana, hannunta na kwatanta bakin randa.

"To wannan za ki rubuta," in ji Hajiya.

Mas'uda ta ce tana jin kunyar a karanta maganar toka da randa a jami'ar Turawa. Hajiya ta ce su ma wake suke ci. Sau biyar yarinyar ta rubuto, sau biyar ana mayar da ita. Hajiya ba ta ƙara mata jimla ko ɗaya ba, sai dai ta ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta san ba ta bakin Mas'uda ba ce, ta ce ta nemo wadda za ta iya faɗa wa mutum ido da ido.

Bayan wata biyu aka kira Mas'uda ganawa ta bidiyo, ƙarfe uku na rana a can, takwas na safe a nan. Sabis ba ya kamawa sosai a Dabawa, don haka a shagon aka yi. Tun jajibiri Hajiya ta je wurin maƙwabcinta Alu mai walda ta roƙe shi ya jinkirta tayar da injinsa, ya ce ko wuni ne zai jira. Ta rataya farin zane a bango, ta zauna a ƙofa tana tare masu zuwa kwafi. Daga nan take jiyo wata malama Ba'indiya da wani Bature suna ta tambaya a kan yawan tokar da ake zubawa a mudu, Mas'uda na amsawa ba gargada.

Sun ba ta gurbi, amma ba ta samu tallafin karatu ba, mahaifinta kuwa ba shi da halin. Mas'uda ta yi kuka a shagon. Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tambaye ta yaushe za a sake buɗe nema. Yarinyar ta kama koyarwa a wata makarantar kuɗi, ta ƙara gidaje takwas a gwajinta, ta sake nema da shekara ta zagayo. A karo na biyu aka haɗa mata da tallafin. Mahaifinta ya zo har shago da kaji biyu a bayan babur, Hajiya ta karɓi ɗaya ta ce a kai wa kakar ɗayar.

Yanzu Mas'uda na shekararta ta biyu a can. Takan turo saƙon murya ranar Juma'a, ta ce sanyi ya fi ƙarfin rigunan da ta tafi da su, kuma a ɗakinsu akwai 'yar Indunusiya da suke azumi tare. Ita kuwa Hajiya Batula bara yanar ido ta rufe mata na hagu, aka yi mata aiki a Katsina. 'Ya'yanta suka so ta rufe shagon ta huta, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta yarda ta riƙa tashi da la'asar. Ɗaya daga cikin kwamfutocin ta lalace, ba ta gyara ba, ta ce ɗaya ta ishe ta.