Akwatin da Ya Ƙi Bin Hannun Kawu

Ko na tsufa haƙora sun zube, akwai ranar da ba za ta fita raina ba, ranar da wani ɗan akwati mai layi huɗu a fuskar kwamfuta ya kusa raba Kawuna da rubutun mahaifinsa.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune gidanmu a Badariya, ina jin kaina kamar ni na ƙera ta. Kawu, yayan mahaifiyata, yana Argungu, manomin shinkafa ne kuma malami. Kakanmu ya bar masa takardun ajami cike da adaka. A ciki ya rubuta yadda ruwan gulbi ke hawa da sauka, da fadamar da ake fara shukawa, da abubuwan da suka faru a gida. Rubutun ƙanana ne, a cunkushe, kuma duk danginmu Kawu kaɗai ke iya karanta hannun. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Sai na ɗauki hoton takardun kaf, na yi masa alkawarin manhajar da zai ja linzamin kwamfuta ya kewaye layin da yake so da ɗan akwati, ita kuma ta ƙara masa girma ya cika allo. Shi ya karanta, ni in rubuta da boko.

A baki abin ba wuya. Amma da na haɗa, sai akwatin ya dinga ƙyaftawa kamar tocilan mai mataccen batir, yana barin sawun layuka a bayansa, hoton duk ya dame. Mai lafiyayyen ido ma sai ya ji jiri, balle Kawu. Mako biyu ina fama, har Inna ta fara ce mini amaryar kwamfuta. Daga baya na gano matsalar. Duk motsin da linzami ya yi, manhajar sai ta goge allon fari fat, ta sake zana hoton, sannan ta zana akwatin, duk a gaban idon mai kallo. Sai na sa ta riƙa yin zanen a wani shafi na ɓoye, in ta gama ta ɗora shi gaba ɗaya.

Da hantsi ne na gwada. Wallahi akwatin nan ya bi hannuna sumul, ba ƙyaftawa, ba sawu. Na ja shi, na sake ja, ya fi sau ɗari, ina dariya ni kaɗai. Na fito tsakar gida da gudu har na kusa kifar wa Inna da garin da take tankaɗe. Ta ce, "To, Allah ya shirya, kuɗi kika tsinta?" Na ce mata abin ya fi kuɗi. Washegari na shiga motar Argungu, jakar kwamfutar a kan cinyata, ina jin direban ba ya sauri.

Na tarar da Kawu a zaure. Na ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, na ja masa akwati sau uku ina baje kolin gwaninta, layin kakanmu ya fito ɓaro-ɓaro. Ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya ɗora hannu. Ya danna, ya ja. Babu komai. Ya sake, babu. Na karɓa na ja, ya fito. Na mayar masa, ya ɓace.

A karo na biyar sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Bari, ɗiyata. Ba laihin injinki ba na, idona na yaƙ ƙare. Ke kina ganin shi, ni ban gani." Ya jawo adakar ya fara mayar da takardun. Na san Kawu, in ya rufe adakar nan ba zai ƙara buɗe ta ba, kuma shi ke nan muryar kakanmu ta tafi.

Na ce, "Kawu, don Allah sau ɗaya kawai." Wannan karon ban kalli allo ba, hannunsa na kalla. Ashe daga dama yake farawa ya ja zuwa hagu, yadda ya saba bin layi da yatsa tun yana yaro a makarantar allo. Ni kuwa 'yar boko, duk gwajin nan nawa sama da ɗari, daga hagu nake farawa. Na rubuta manhajar da tunanin inda aka fara dannawa nan ne gefen hagu, don haka in aka ja baya faɗin akwatin sai ya zama ƙasa da sifili, ta ƙi zana komai.

Har na buɗe baki zan ce masa ya fara daga hagu, sai kunya ta kama ni. Mutum ya yi shekara sittin yana karatu daga dama, ni ce zan juya masa hannu saboda kuskurena? Na jawo kwamfutar, na sa ta duba wuraren biyu, inda aka fara da inda aka tsaya, ta ɗauki na hagu ya zama farko ko ta ina aka ja. Gyaran layi huɗu ne kacal a cikin manhajar, ko shayin da aka kawo mini bai huce ba.

Kawu ya ja daga dama, akwatin ya bi shi sumul, layin ya cika allo. Ya matso, sannan ya karanta a hankali: "Yau an haifa mani ɗiya, ruwa ya kai gindin tsamiya." Ya dube ni yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Uwarki ta, ɗiyata. Ɗauko biro."

Mun yi wata huɗu muna aikin, muka gama adakar kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk abin da na haɗa ba na cewa ya yi don ya bi hannuna. Sai na miƙa wa wanda aka yi dominsa, na zauna gefe na zuba wa hannunsa ido.