Fure Shida a Tashar Botoshani

A bakin tashar motar Botoshani, wata baƙuwa na tsaye gaban Tanti Veta, tsohuwa mai sayar da furanni. Baƙuwar ba za ta haura shekara ashirin da biyar ba. Rigar sanyinta ta yi mata yawa, sabulu ya tsattsage bayan hannuwanta, a wuyanta kuma akwai katin ma'aikatan gidan marayu. Tun shekarun casa'in irinta ke zuwa mana daga ƙetare, su yi jinyar yara wata uku su koma. Ina zaton wannan ta zarce wa'adinta.

Ta zaɓi fure shida, tana haɗa yarenmu da ƙyar. Na Fanel ne, in ji ta, maraya da ke kwance a asibiti.

"Shida? Ke 'yar nan, ba a koya muku komai a can?" in ji tsohuwar. "Adadin da ke rabuwa biyu daidai, kabari ake kai wa. Yana da rai?"

Baƙuwar ta duba wayarta. "Da safe dai yana numfashi."

Tanti Veta ta zare ɗaya ta mayar cikin bokiti. "To, biyar. Hanzarta, motarki za ta tashi."