Inna Saude da Tukunyar Jami'a

Duk wanda ya taɓa sarin shinkafa a kasuwar Haɗeja ya san hannun Inna Saude, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Dillali zai tura hannu cikin buhu, ya damƙo, ya baza a tafinsa, ya ce, "Wannan ta Tudun Bakari ce, aikin Saude." Ba ya tambaya. Ƙwaya doguwa a tsaye, ba karyayya, ba tsakuwa, idan aka dafa ta kowace ta kama gabanta kamar 'yan'uwan da suka raba gado.

Tudun Bakari ƙauye ne a hanyar Kirikasamma, wanda ruwa ke zagayewa wata huɗu a shekara. Maza su noma shinkafa a fadama, su kama kifi. Idan an yi girbi aka sheƙe, aikinsu ya ƙare, na mata ya fara. Shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, ba a kai ta inji haka kawai. Sai an wanke, an jiƙa ta kwana a ruwa, an turara, an shanya. Wannan aikin Saude ta gada wurin kakarta a Kafin Hausa tun tana hawa kan turmi kafin ta leƙa cikin tukunya. Da aure ya kawo ta Tudun Bakari, da ludayinta na kwasa ta taho. Da sana'ar ta aurar da 'ya'ya mata huɗu, da ita ta sake ta da katangar gidansu sau biyu bayan ambaliya ta kwantar da ita.

Mijinta Malam Ɗan'auta ne. Ya haura sittin, yana da jikoki goma sha wani abu, amma har yau ba wanda ya tuna sunansa na yanka. Mutum ne mai daɗin zama, mai son a tambaye shi abu. Idan ba a tambaye shi ba ma yakan taimaka da amsa.

Abu ɗaya ne ya sa Saude a gaba: hayaƙi. Shekara talatin da biyar tana durƙushe gaban rabin durom a kan duwatsu uku, tana tura ɗanyen itace da kara. Idanunta suka kaɗa suka yi ja, kullum cikin hawaye, har baƙi kan yi mata gaisuwar rashi ba tare da an yi mutuwa ba. Da ta je asibiti a Haɗeja, malamar ido ta duba ta ce, "Inna, ki bar hayaƙin nan, in ba haka ba wata rana sai an ja miki sanda."

"To 'yar nan, in na bar hayaƙi, me zan kama?"

Malamar ta ba ta maganin ɗigawa, ta sallame ta. Saude ta dawo gida ta ce wa kanta daga wannan kakar ta ajiye. Ta faɗa, amma ko ita ba ta san yadda za ta wayi gari ba tukunya a kan wuta ba.

Ana cikin haka takarda ta zo wa Bulama Usman daga jami'a. Malaman sashen aikin gona sun ƙera wata tukunyar turara shinkafa, suna son su haɗa hannu da garuruwan fadama a gwada ta. A turo masu shinkafa mutum goma zuwa Haɗeja a koya musu. Bulama ya sa aka karanta masa sau biyu. A wurinsa mai shinkafa shi ne mai gona, saboda haka ya zaɓi magidanta goma, Malam Ɗan'auta a kan gaba. Suka sha manyan riguna, suka kafa huluna, aka cika mota da ƙamshin turare. A cikinsu babu wanda ya taɓa ɗora ko ruwan shayi.

Da la'asar suka dawo da takardar shaida kowa a hannu, tukunya a bayan a-kori-kura. Sharaɗin jami'a shi ne bayan mako biyu za a zo a ga shinkafar da aka yi da ita. In ta yi kyau, tukunya ta zama ta garin. In ba ta karɓe su ba, a wuce da ita Guri, su ma suna jira.

Saude ta fita ganin ta a ƙofar gidan Bulama, ta zagaya ta sau ɗaya. Ƙatuwar tukunya ce mai hawa biyu, ta sama gindinta duk huda.

"Ashe madambaci ne ya yi ƙiba," in ji ta.

Amma ba tukunyar ce ta tsayar da ita ba, murhun ne. Na ƙarfe ne, rufaffe, ɓuntun shinkafa yake ci maimakon itace, ga wani dogon bututu da ke ɗauke hayaƙi ya kai shi sama da kan mutum. Ta daɗe tana kallon bututun nan. Ɓuntu kuwa ga shi tsibi a bayan injin Musaddiq, ko awaki ba sa kula shi.

"Malam, a shigo da ita gida mana in gwada."

"A'a, Saude," in ji Malam Ɗan'auta, yana gyara zaman hula. "Wannan ba irin taku ba ce. Ta ilimi ce. Sai wanda ya yi kwas."

"Kwas na awa nawa?"

"Tun ƙarfe goma har azahar. Ban da cin abinci."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma gida.

Sai da suka yi kwana tara suna shawarar wanda zai ba da shanshera, domin kowa ya yarda da ilimin, amma ya fi son a fara da buhun maƙwabcinsa. A ƙarshe Malam Ɗan'auta ya ba da nasa. Aka taru a gindin darbejiya, aka zuba ruwa a tukunyar da ke ƙasa daidai zanen da aka nuna musu, aka farke buhu aka juye a ta sama, aka rufe, aka kunna ɓuntu. Ɗaya ya riƙe agogo. Da lokaci ya cika aka sauke, aka shanya, washegari aka kai inji.

Saude tana tsakar gida tana tsince wake ta ji kukan injin ya sauya. Shekarunta sun isa ta gane ƙarar shinkafa mai fita lafiya da ta mai farfashewa. Ta ajiye faifai ta ce, "Inna lillahi. An kashe buhu."

Abin da ya fito ko kaji sai sun yi shawara. Tsaki ne zalla, fari fat, da gari. Musaddiq mai inji ya tambaya ko kunu za a dama wa masu kwas ɗin, Malam Ɗan'auta ya ce masa yaro bai san wuta ba. Majalisa ta yanke hukunci nan take: tukunyar ba ta dace da shinkafar fadama ba, idan mutanen jami'a sun zo a ce su kai wa Guri, su ma su ɗanɗana. Saura kwana uku.

Da ya shigo gida, Saude ta kawo masa ruwa, ta bari ya sha, ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, ni jahila ce, a ɗan sanar da ni. Da za su zuba shansherar a can, daga ina suka ɗauko ta?"

"A wani baho babba."

"Ba a buhu ba?"

"Na ce miki baho. Har ya ɗiga mini ruwa a takalmi, sabon takalmi."

"Ruwa. To da aka buɗe, ba ka ji wani ɗan wari ba?"

"Akwai ɗan tsami-tsami. Na ɗauka zauren ne ba a share ba."

"Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Shansherar nan kwana ta yi a jiƙe kafin ku je. Ku kuwa busasshiya kuka ɗora."

"Ba su faɗa ba!"

"Ina za su faɗa? Wa zai ce wa mai tuwo sai ya tafasa ruwa?"

Malam Ɗan'auta ya ɗauko takardar shaidarsa ya duba gaba da baya, ko an rubuta a wani lungu. Ba a rubuta ba.

Saude ta yafa mayafi ta nufi gidan Bulama. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, saboda haka gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"Ranka ya daɗe, Bulaman masu dafa tsaki."

"Kin zo yi mana dariya, makauniyar gobe?"

"Na zo aron tukunya. Kwana uku. In na ɓata, shansherata ce, kuma ka sa a yi shela da sunana. In kun bari ta tafi Guri, idanuna kuka ba su."

Bulama ya dube ta. Wasa ne a bakinta, amma hawayen da ke gangarowa ba na wasa ba ne, ko da yake ya san na hayaƙi ne. Ya ce a kai mata. Mutum huɗu daga cikin masu takardar shaida suka ɗauka, kuma a nan kwas ɗinsu ya yi amfani, domin sun san inda ake kamawa.

Ta kira maƙwabciyarta Bara'atu suka wanke shanshera sau uku, suka kwashe ƙaiƙayin da ya taso. Ta ɗora ruwa, da ya fara kuka bai kai ga tafasa ba ta tsoma yatsa, ta ce ya yi, suka jiƙa. Washegari da hantsi suka tsame, suka juye a madambacin, ta rufe da tsohon buhu. Ba ta nemi agogo ba. Ta tsaya dai tana kallon tururi, can ta ɗaga buhun, ta ga ɓawo ya fara buɗe baki, ta ce a sauke. Duk tsawon aikin hannunta na kai wa gefen zane don share ido, sai ta tarar babu abin sharewa. Hayaƙin yana can sama yana damun tsuntsaye.

Shanya ma ba ta bar wa rana ita kaɗai ba. Rabin yini a rana, ana juyawa da ƙafa, sauran a inuwa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a kan haƙorin da ta fi yarda da shi, ta ciza. Ranar farko ta ce da saura. Ranar biyu ta ji ƙas, ta ce a kai wa Musaddiq.

Motar jami'a ta iso ana cikin casa. Shugabar tawagar, Dakta Adila, mace ce siririya mai saurin tafiya. Bulama ya fara jawabin da aka shirya na mayar da tukunya, sai Musaddiq ya fito da kwarya biyu ya dire a gabanta, ɗaya tsakin maza, ɗaya shinkafar Saude.

"Duka daga tukunya ɗaya?" in ji Dakta.

"Tukunya ɗaya," in ji Saude daga inda mata suka tsaya. "Waccan ta masu kwas ce. Wannan ta jahilai."

Aka kwashe da dariya, har da Malam Ɗan'auta, wanda ya yi tasa yana kallon wani wuri. Da aka warware mata zancen jiƙo, Dakta Adila ta dafe kai.

"Wallahi Inna laifinmu ne. Mun jiƙa tun jajibiri don kada mu tsare mutane kwana biyu. Da na ga maza sun cika zauren na yi mamaki, sai na ce wataƙila a garinku su ke turarawa. Kunya ta hana ni tambaya."

"Su ma kunya ta hana su cewa ba su taɓa yi ba. Kin ga kunya biyu ta ci buhu guda." Saude ta matso. "Ki zo in nuna miki wani abu, 'yar nan. Tukunyarku tana da kyau, amma wanda ya ƙera ta dogo ne, kuma bai taɓa sauke ta da zafi ba."

Ta nuna mata hannayen da suka yi ƙanƙanta, da tsayin da sai mace ta hau kujera kafin ta kwashe. Dakta ta fito da littafi tana rubutawa, tana tambaya, Saude tana amsawa kamar wadda ta saba da ɗalibai. Aka bar tukunya a Tudun Bakari. Bayan wata biyu aka kawo ta biyu, gajera, mai manyan hannaye. Koyarwa ta gaba a tsakar gidan Saude aka yi ta, kwana biyu cur, da matan Guri da na Kirikasamma, aka fara daga wanki. Malam Ɗan'auta ya zauna a zaure yana yi wa direbobi bayanin muhimmancin jiƙo.

Saude ba ta ajiye sana'a ba. Jan idon ya washe a hankali, hawayen ya tsaya, malamar asibiti ta ce a ci gaba da ɗiga magani amma ta ji daɗin abin da ta gani. Wata safiya Malam Ɗan'auta yana karin kumallo a bakin rumfa, ya lura ta tsura masa ido.

"Lafiya, Saude?"

"Malam, yaushe ka tsufa haka? Duk gemun ya yi fari."

"Ya fi shekara goma."

"Ikon Allah. Ni kuwa ina nan ina ta kishin yaro."

Ya shafa gemun, ya kurɓi kununsa. "A mayar mata da duwatsunta uku," ya ce wa Bara'atu da ke shigowa da baho a ka. Bara'atu ta ce ya matsa, yana kan hanya.