Malam Murfi, Malamin Gonar da Bai Kai Labarin Rumbu Gida Ba

Haihuwa da Asali

An haifi malamin gonar da jama'a suka fi sani da laƙabin Malam Murfi a farkon daminar shekarar 1946, a wani ƙaramin gari na manoma da ke bakin kogi, a gidan da maƙera take zaure. Mahaifinsa maƙeri ne, mai ƙera fartanya da garma da lauje. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce, wadda babu ɗakin da ba ta shiga ba a garin, kuma babu wanda ya taɓa jin labarin ɗakin wata a bakinta. Idan maƙwabta suka matsa mata da tambaya, amsarta guda ce, wai ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Shi ne na uku a wurin iyayensa, kuma ya tashi yana zuga wa mahaifinsa wuta da safe, da yamma ya riƙe wa mahaifiyarsa jaka har ƙofar gidan da aka kira ta.

Karatu

A shekarar 1954 aka sa shi makarantar firamare, ya kammala a 1961 ba tare da ya yi fice a wani darasi ba, in ban da haƙuri. Daga nan ya sami gurbi a makarantar koyon aikin gona, inda ya karanci sha'anin ƙasa da iri da taki da cututtukan shuka da adana hatsi, ya karɓi shaidarsa a 1966. A makarantar ne wani dattijon malami ya karantar da su ladubban aikin: kada malamin gona ya ba da shawarar abin da bai gani an gwada ba, kada ya sayar da abin da yake ba da shawarar a saya, kada ya yanke wa manomi hukunci a kan gonarsa, kuma duk abin da ya gani a gona ko a rumbu amana ne, ba ya fita sai da iznin mai shi. Abokan karatunsa sun haddace wannan don jarrabawa. Shi kuwa na ƙarshen bai zo masa da baƙunta ba, domin ya riga ya gan shi a gida.

Kama Aiki

Ma'aikatar gona ta ɗauke shi aiki a shekarar 1967, ta ba shi keke da ma'aunin igiya da famfon feshi, ta tura shi wata gunduma mai ƙauyuka da yawa da hanyoyi marasa kyau. Ofishinsa ɗaki ne guda a bayan ɗakin ajiyar taki, mai tebur ɗaya da taga ɗaya, wanda warin maganin ƙwari bai taɓa barinsa ba. Shekarunsa na farko sun yi tsauri, domin manoma ba su ga dalilin da zai sa yaro mai wando da takalmi ya koya musu noman da suka gada ba. Bai yi jayayya da kowa ba. Ya roƙi ɗan fili a bakin hanya, ya yi gonar gwaji, ya bar gani ya kori ji.

Sai dai abin da ya buɗe masa ƙofofi ba gonar gwajin ba ce. Aikinsa ya haɗa da duba hatsi bayan girbi, wato ya hau tsani ya leƙa rumbun mutum, wurin da ko ɗan'uwa na jini ba a cika bari ya leƙa ba. A hankali manoma suka lura cewa wanda ya nuna masa rumbu cike, da wanda ya nuna masa rumbu rabi ƙaiƙayi, duk ɗaya suke fitowa a bakinsa, wato ba sa fitowa sam. Rahotanninsa na wata-wata suna ɗauke da yawan gonaki da irin cutar da ta kama su, ba su ɗauke da asirin gidan kowa. 'Yan kasuwar hatsi sun sha jan sa da hira don su san ina kaya yake, suka gaji suka bari. Su ne suka laƙaba masa Murfi, da nufin zolaya, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Aure da Iyali

Ya yi aure a shekarar 1971. Matarsa tela ce, mace mai fara'a da son labari, wadda ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa ta auri mutumin da ya san abin da ke cikin kowane gida a gunduma, amma hirarsa ba ta wuce ta ruwan sama. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Ta biyu, wadda aka haifa a 1975, ita ta ci sunan mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kiranta da suna ba sai dai Uwata. Ta yi karatu ta zama malamar makaranta, kuma duk gidan an san ita ce 'yar gaban goshinsa.

Al'amarin Shekarar 1996

A gundumar akwai wani babban manomi da ake kira Mai-Rumbuna, saboda jerin rumbunan da ke cikin gidansa, waɗanda ake hango kawunansu tun daga hanya. Bayan girbin shekarar 1996 ya aika a kira Malam Murfi saboda ƙwari sun shiga masa rumbu ɗaya. Ƙa'idar aikin ita ce idan ƙwari suka shiga ɗaya sai an duba duka, domin ƙwaro bai san iyaka ba. Mai gida ya yi ta kawo uzuri, daga bisani ya kori kowa daga tsakar gida, ya jingina tsanin da hannunsa. Ban da wanda ƙwarin suka ci da wani guda, sauran duk wayam suke, an dai liƙe bakunansu da laka kamar na masu kaya. Dattijon ya bayyana masa cewa manyan gonakinsa na nesa sun mutu, saboda shekara da shekaru yana bin masara da masara, har ciyawar wuta-wuta mai shanye saiwar hatsi ta mamaye su, shi kuma duk takin da ya samu gonar bakin hanya yake zuba wa don idon mutane. Malam Murfi ya yi feshi, ya faɗi abin da ya kamata a yi wa ƙasar, ya hau babur ɗinsa ya koma gida.

Ba a yi wata huɗu ba sai ga manyan gidan Mai-Rumbuna sun zo nema wa ɗansa auren Uwata. Yaron mutumin kirki ne, ita ma tana son sa, uwarta kuwa murna har kunne, wai 'yarta za ta gidan da ba a san yunwa ba. Duk da haka, da aka zo bincike, uwar ta tuna cewa tana da shaida a cikin ɗakinta, wato mijinta.

"Malam, kai fa ka shiga rumbunansu. Yaya ka gani?"

"Na shiga."

"To, sai me?"

"Sai na fito."

Ta yi tsaki ta ce Allah ya shirye shi, ta koma kan keken ɗinkinta tana dariya. Shi bai yi dariya ba. Washegari ya tafi wurin Mai-Rumbuna, ya same shi shi kaɗai, ya ce masa: "Abin da na gani a gidan nan aiki ne ya gani, ba ni da ikon kai shi gida. Amma yarinyar tawa ce. Don Allah ka faɗa da bakinka." Dattijon ya yi alkawari, ya kuma roƙi a ba shi lokaci, lokacin kuwa bai zo ba har aka sa rana.

A nan Malam Murfi ya ga gaba kura baya siyaki. Idan ya faɗa, ya ci amanar da a kanta manoman gunduma suke jingina masa tsani. Idan ya hana auren ba tare da hujja ba, ya faɗa ke nan, domin kowa zai tambayi abin da ya sa mutumin da ya leƙa rumbunan ya ƙi ba da 'yarsa. Idan kuma ya yi shiru, ya tura wadda ya fi so cikin wahalar da ya gani da idonsa. Ya zaɓi shiru, aka ɗaura aure a farkon shekarar 1997, kuma waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin uban amarya mai ƙarancin magana irinsa ba.

Shekarun Ƙunci

Asiri bai wuce damina ɗaya ba ya tonu da kansa. Gidan mai mutane da yawa ya koma dogaro da albashin malamar makaranta, Uwata ta rame, ta sayar da yawancin kayan ɗakinta, ta haifi ɗanta na fari cikin rashi. Ranar da uwarta ta dawo daga dubo ta, ta tsaya a kan mijinta ta tambaye shi ko ya sani. Ko a ranar bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ce masa: "Ka rufa wa bare asiri, ka bar 'yarka a rana. Wannan aikin naka ba shi da uwa, ba shi da 'ya." Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa yi masa girki ba, amma zolayar da ta saba yi masa ta ɗauke shekaru masu yawa, kuma rashin ta ya fi masa zafi a kan faɗa.

A shekarar ya nemi ma'aikata ta miƙa gonakin Mai-Rumbuna ga wani malamin gona, tun da yanzu surukai ne, kuma bai dace mai rabon iri da taki ya riƙe gidan surukansa ba. Mutane suka fassara wannan da gudu. Sai dai duk ranar hutu ana ganinsa a gonakin nesa da fartanya, yana bin umarnin matashin da aka ba aikin, yana tuge wuta-wuta kafin ta yi fure, ana sauya masara da wake da gyaɗa, ana kai takin dabbobi inda ido ba ya gani. Sai wajen shekarar 2003 ƙasar ta farfaɗo. Mai-Rumbuna bai ga cikar rumbunansa ba, ya rasu kafin nan. Uwata kuwa ba ta taɓa kawo ƙara gida ba, ba ta kuma taɓa tambayar mahaifinta komai ba, shi kuma ya ɗauki shirunta a matsayin hukunci.

Ritaya da Kwamitin Ƙa'idoji

Ya yi ritaya a shekarar 2002 yana mai kula da malaman gona na yanki. A 2011 aka gayyace shi cikin kwamitin da zai tsara ƙa'idojin aikin malaman gona, inda aka yi ta muhawara a kan shaidar karatu da horo da yawan ziyara. Bai cika magana ba sai da aka zo kan matasan ma'aikata masu ɗaukar hoton gonaki da rumbunan mutane da waya suna yaɗawa don a ga suna aiki. Ya dage a rubuta cewa ba a ɗaukar hoto, ba a fitar da bayanin manomi, sai da yardarsa. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce ai wannan ƙa'ida ce mai sauƙi, kowa zai iya bi. Malam Murfi ya ce a rubuta ta dai, amma kada a gaya wa yara cewa mai sauƙi ce.

Jinya da Rasuwa

A farkon shekarar 2019 ciwon zuciya ya kwantar da shi, Uwata ta dawo gida jinya. Wata safiya tana ba shi magani, matarsa tana zaune a bakin gado, ya riƙe hannun 'yar ya ce: "Uwata, ki yafe mini." Ta tambaye shi laifin me. Ya ce ba zai iya faɗa ba, domin maganar ba tasa ba ce.

"Baba, in maganar rumbuna ce, ai na sani tun kafin a ɗaura aure. Ranar da ka je wurin babansu, maigidana yana bayan zaure, ya ji komai. Da yamma ya zo ya faɗa mini, ya ce in na fasa ba zai ga laifina ba. Ni na ce na ji na gani."

"Kika yi shiru duk shekarun nan?"

"To wa zan faɗa wa? Asirin gidan mijina ne. Kuma da Inna ta ji, ai da ta hana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gefen fuskarsa. Matarsa ta dube shi, ta dubi 'yar, ta ce: "Ashe murfi biyu nake zaune da su a gidan nan, ni kaɗai ce tukunya a buɗe." Wannan ce zolayar farko da ta yi masa tun shekarar 1997.

Ya rasu bayan mako guda, ranar Talata da hantsi, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar garin bayan azahar. Manoma sun zo daga ƙauyuka masu nisa, kuma da yawansu, idan suka zo yi wa matarsa ta'aziyya, sai su rage murya su ce marigayin ya rufa musu asiri, kowanne yana zaton shi kaɗai ne. Ba ta san ko ɗaya daga cikin labaran ba.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, direban babbar mota, na uku, wanda ya farfaɗo da maƙerar kakansa, ta huɗu, ma'aikaciyar jinya, auta, malamin gona a wata gunduma, da Uwata, shugabar makarantar firamare, wadda har yau idan aka tambaye ta yadda ta sami gidan mijinta a shekarar farko, sai ta ce ta shiga, kuma ba ta fito ba. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na mutane.