Agogon Zafin Motar Auta

Ni rewaya ne, mai gyaran wutar mota. A Bagudo duk wanda fitilarsa ta mutu ko batirinsa ya ƙi caji ya san inda nake zama a bakin tasha. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka ni mai ganin aljani ne a cikin ƙarfe. Duk abin da ya motsa a mota akwai abin da ya motsa shi, kuma yawanci nakan gano shi kafin shayina ya yi sanyi.

Autanmu direba ne. Yakan ɗauko wa mutane motoci daga Kwatano ya shigo da su ta Lolo, amma ba nan hankalinsa yake ba. Yana da wata tsohuwar mota tasa ta kansa da ya yi wa fashin kaya, ya cire kujerun baya, ya yanke salansa, ya bar ta ƙarfe da inji kawai. Idan bazara ta shigo ƙasa ta bushe, shi da abokansa direbobi sai su tafi wani fako da ke wajejen Zagga. Mota biyu za su jera kafaɗa da kafaɗa, wani ya tsaya a gabansu ya jefar da hula, su kuma su taka totur daga gindin wata kuka zuwa wata ɗorawa. Tafiyar ba ta kai ka shanye kofin ruwa ba. Amma a wannan ɗan lokacin inji yana cin azabar da ba ya ci daga nan zuwa Kwatano, shi ya sa idon direba ba ya barin agogon zafi.

Agogon da motar ta zo da shi ya daɗe da mutuwa. Wata rana sai ga auta ya dawo daga ƙetare da guda biyu a leda, ya zube mini su a kan benci, wai in zaɓa masa. Ɗaya mai waya ne, irin wanda na saba da shi: ka ɗaura ɗan ƙarfensa a jikin inji, ka ja waya, ka ba shi wuta. Ɗayan kuwa mai bututu ne. Wani siririn bututun jan ƙarfe ne ya taso daga bayansa, a naɗe kamar igiyar guga, da ɗan kai a ƙarshe wanda ake nutsawa cikin ruwan inji. Ba ya shan wuta ko kaɗan. Zafi ne ke kumbura abin da ke cikin bututun, shi kuma ya tura allura.

Na ce mai waya, ban ko tsaya dubawa ba. Na ce masa bututun nan in ya lanƙwashe ko ya tsage shi ke nan, ba a ɗinke shi, ga wahalar huda masa hanya zuwa gaban sitiyari, waya kuwa ko da haƙori na gyara ta. Ya tsaya yana mini murmushin nan nasa mai sa in ji kamar in make shi. Ya ce ai ya san haka zan ce, mai sayar da waya ba zai yabi bututu ba. Wai a kan fako mota girgiza take kamar rariya, waya ɗaya ta saki sai allura ta kwanta ta ce maka lafiya lau alhali inji na dahuwa. Na ce wayar da ni na ɗaura ba ta saki. Ya ce to ta motar liman da ta saki fa? Na ce ya bar mini benci.

"Yaya, naka sai batir ya ba shi labari," in ji shi. "Wanga da kansa yake taɓa ruwan. Ko mota ta mutu shi bai mutu ba."

Na ce to me ya kawo shi wurina tun da ya riga ya zaɓa, ɗan rainin wayo. Ni ne dai na huda masa, ni na ja bututun, ina yi ina mita yana dariya. Mai wayar na jefa shi cikin akwatin tarkace.

Auta bai yi wata biyu da sa shi ba ya rasu. Ba inji ne ya ci amanarsa ba, tayar gaba ce ta fashe ana tsakiyar gudu, motar ta wuntsila, ta yi jifa da shi waje. Kafin a kawo shi gari rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura bayan la'asar. Ba na son tsayawa a kan wannan ranar.

Bayan an share makoki abokansa suka zo suna tambaya ko a kai motar wurin masu sayen ƙarfe, don kada ganinta ya riƙa tayar wa Inna da hankali. Inna, mahaifiyarmu, ta ce a kawo mata ita gida. Muka yi ta lallashi, ta ce ba shawara take nema ba. Tarakta ta jawo ta, aka ajiye ta a kangon da ke bayan ɗakin Inna, rufinta a lotse, gilashin gaba babu. Da hannuna na cire batirin, na tsiyaye fetur, don kada wani abu ya kama.

Ni ina tasha wuni, don haka na ɗan jima ban san abin da ke faruwa ba. Wata rana na dawo gida da azahar ɗaukar wani abu, na duba ɗakin Inna ba ta nan, na duba madafa ba ta nan. A kango na same ta. Ta ja 'yar kujerarta ta tsugunno ta ajiye a gefen direba, cikin rana tsaka, irin ranar bazarar nan da ko akuya ba ta yarda ta tsaya a fili. Ta dafa ƙofar motar da gefen zanenta saboda zafin ƙarfe, ta zuba wa gaban sitiyari ido. Na leƙa ta kan kafaɗarta. Allurar agogon zafi ta bar inda take kwanciya, ta ɗaga kai, tana tsaye tana ɗan rawa.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Mota babu batir, babu mai, babu direba, ga allura a tsaye. Can sai sana'ata ta dawo mini. Rana ce ke dukan bonet tun hantsi, inji ya gasu, ɗan kan bututun na ciki yana jin zafin, shi ke nan. Na bayyana wa Inna haka, da muryar da nake yi wa direbobi bayani. Na ce ta lura, da safe ba ya tashi, da yamma yana komawa, rana ce kawai. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga ido ba. Ta ce in tafi aikina.

Da farko na ɗauka tana samun sanyin zuciya ne da ganin abin yana motsi, kamar wani abu na auta bai gama tafiya ba, sai na ƙyale ta. Amma tuwo ya fara komawa madafa yadda aka kawo shi. Wuyanta ya zurma. Tana da hawan jini tun da daɗewa, kuma sau biyu maƙwabta suna ɗauke ta daga kangon nan jiri ya kwashe ta. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce rana za ta kashe ta a banza a kan wani ɗan ƙarfe da aka sayo a kasuwa. Ranar da haƙurina ya ƙare na ɗauko filaya na ce yau zan datse bututun kowa ya huta. Ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kai waya ka sani," ta ce. "Ba ka san abin da na hwaɗa mai ba."

A nan tsaye cikin rana ta gaya mini. Da safen ranar ta roƙe shi kada ya je tseren, ya mai da abin wasa. Ta ɓoye makulli, ya ɗauko wani a aljihunsa yana dariya. Ranta ya ɓaci, ta ce masa in ya fita kada ya sake taka mata gida. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye kokon kunun da ke hannunsa bai sha ba, ya fita bai waiwayo ba. Shi ya sa ta ce a kawo motar gida, tun da shi ba a kawo mata shi ba sai a makara. Shi da bakinsa ya taɓa nuna mata agogon, ya ce in allurar nan ta tashi to an ɗau zafi. Ita kuwa kullum da azahar, daidai lokacin da aka ce ya faɗi, tana ganin ta tashi. Zama take tana roƙonsa gafara, tana roƙa masa wurin Allah, allura kuma ba ta fasa tashi.

Na mayar da filaya aljihu. Idan na datse, a wurinta na toshe masa baki ne yana cikin fushi, kuma ba za ta yafe mini ba, ba za ta yafe wa kanta ba. Idan na bari, rana za ta gama da ita kafin damina. Na yi kwanaki ina juya abin nan a kaina ina ɗaura wa mutane waya a baibai. Tsoro nake ji, tsoron in dawo daga tasha in tarar da ita a kife a jikin ƙofar nan.

Ana cikin haka aka kira ni Bahindi gyaran wata babbar mota, na kwana biyu a can. A bayana kawunmu, ƙanen Inna, ya zo daga Kende duba ta. Makiyayi ne, bai san komai na mota ba, kuma ba mai dogon zance ba ne. Ya ce ta koma ɗaki, ta ƙi. Ya nemo itace da zana, ya kafa mata rumfa a inda take zama. Da yake kujerarta manne take da motar, sai ya faɗaɗa rumfar ta rufe har bonet, don kada rana ta zagayo mata ta gefe.

Na dawo ana kiran azahar, na wuce kango kai tsaye. Ga Inna a inuwa, ga kawu a tsugune gefe yana gyara igiya. Tun daga nesa na gane abin da zan gani. Allurar na kwance a mazauninta, ko gezau. Kawu ya ce tun jiya haka take, kuma Inna ba ta tashi ba sai don salla. Na tsaya a bayanta. Muka zauna nan mu uku har inuwar katanga ta miƙe, rana ta karya, allura ba ta ɗaga ba.

"Ya huce," Inna ta ce a hankali.

Sai ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba, da yake ni ne ɗan farinta. Ta ce ni na ce mata rana ce. Ta nuna zanar da haɓarta.

"Gaya mini gaskiya. Rumfar ga ce?"

Kawu ya daina abin da yake yi. Ni da nake zagin direba in ya yi mini gardama a kan abin da na sani, ranar nan na ƙaryata kaina. Na ce a'a. Na ce zafin bazara ba ya jin zana, ta ƙasa ma yana shiga ƙarfe, da rana ce da yau ma ya tashi. Na ce ni ne ban fahimci agogon ba, dama ba irin nawa ba ne.

Ban san ko ta yarda ba, har yau ban sani ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki kujerarta da kanta ta koma cikin gida, ta ce a dama mata fura.

Inna ta yi shekaru bayan haka, ta rasu a kan gadonta, cikin damina. Motar tana nan a kangon, tayoyinta sun nutse, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Babu sauran wanda zan yi wa ƙarya. Amma duk shekara kafin zafi ya shigo nakan sayo sabuwar zana in hau in ɗaura, in duba ko'ina kada a sami kafar da rana za ta bi. In iska ta yaye ta ina tasha, nakan aika a mayar, ba na zuwa da kaina sai bayan la'asar.