Rigunan Kwamfutocin Inna

Innata ta yi shekara talatin tana koyar da buga rubutu a wani ɗaki da ke saman shagon tela. Ɗalibanta Goge-ki-sake suke kiranta, don kuskuren harafi ɗaya zai sa ki sake shafi guda. Kwamfuta goma sha biyu gare ta, kowacce da rigar da ta ɗinka mata. Dokarta ɗaya ce: in an tashi, a kashe, a rufe.

Da can Baba ne ke hawo mata da abincin rana. Shekara huɗu ke nan rabonsa da benen, tun da hayaƙin wata masana'anta ya kama masa ƙirji. Masu masana'antar kuwa sun rantse hayaƙinsu ba ya isowa unguwarmu. Ƙarya tsagwaronta!

Ni binciken iska nake yi, kuma ina da awon shekara uku a hannu. Hukuma ta sa ranar zaman sauraron ƙorafinmu, saura kwana ashirin, amma lissafin da zai nuna inda hayaƙin ke sauka zai ci wa kwamfutata shekara bakwai. Na gaya wa Inna akwai dabara: a yanka lissafin gunduwa-gunduwa, a tura wa kwamfutoci da yawa ta intanet, kowacce ta yi nata ta maido da amsa.

"Yadda nake raba shafuka in an kawo babban aiki?"

"Haka, Inna."

"To me kike jira?"

Na haɗa kwamfutocinta, na roƙe ta kada ta kashe su. Ba ta kashe ba, wallahi. Amma da aka tashi sai ta sa musu rigunansu, wai ƙura. Da safe na tarar zafi ya sa duk sun ɗauke, aikin jiya ya bi ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Haba Inna! Ke za ki yi aiki an toshe miki hanci?"

Na zaci za ta wanke ni tas. Sai ta ce, "Kuskurena ne. Goge ki sake."

Ta ninke rigunan, ta ɗauko tsohon littafin sunayen ɗalibanta da wayarta. Masu shagon buga takardu, malaman makaranta, har da wata mai kemis, duk ta bi su.

"Ke, ni ce. Kwamfutarki zaman me take yi? 'Yata za ta turo miki wani abu, ki sa. Kuma kada ki kuskura ki rufe ta da komai!"

Wa ya isa ya ce mata a'a? Kafin mako ya zagayo, kwamfuta ɗari biyu da arba'in ke mana aiki. Ran kwana na goma sha bakwai taswirar ta fito, ga hayaƙin nan kwance a kan rufinmu. A wurin zaman, lauyan masu masana'antar ya yi ta juya takarda. Aka tilasta musu sa na'urar tace hayaƙi. Na yi kuka don murna, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan wata takwas ina wurinta da rana muka ji taku a bene. Baba ne, riƙe da kwanon abinci. Inna ta zabura ta jawo kujera.

"Zauna ka huta, Malam."

"Huta me?" in ji shi. "Ai ban gaji ba."